Abin da Hambali Ya Ji a Cikin Jinga

Unguwar Hamma, ta Bunkure
9 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga bawana Mukhtari,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Inna tana gaishe ka. Ƙafar nan tata ta yi sauƙi, har ta koma zuwa unguwa. Ummulkhairi da yara ƙalau, sai ƙaramin da ke fama da haƙori. An ce tun da ka je Badun karatu ka koma cin amala har wuyanka ya yi kauri. Ci abinka. Kakarka ma a gidan yayanta, wato kakana, ta ci ta ƙoshi kafin a kai ta ɗaki, saboda haka ko digiri nawa ka kwaso a Turanci, ni taubashinka ne kuma ubangidanka.

Uba direba ne zai kawo maka takardar nan, mai ɗaukar tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar Sasa. Ka ba shi amsa kafin ya juyo.

Yanzu ka ajiye dariya ka saurare ni. Ka san ni ke kula da ƙaramin dam ɗin da ke saman unguwarmu. Da la'asar in buɗe ƙofa ruwa ya shigo daga babban kanal, ya kwana yana taruwa, da safe in sake shi ga masu alkama da tumatir. Abin da ya tare ruwan nan jinga ce ta ƙasa zalla, tsayinta ya fi soro. A gindinta gidajenmu goma sha ɗaya suke, da makarantar Malam Isiyaku, wadda bangonta saura kaɗan ya jingina da ita.

Marigayi Dattijo, wanda na gada a aikin, tsohon mai haƙar rijiya ne. Shi ya koya mini in kafa rodi a jikin jingar, in ɗora kunne a ɗaya bakin. Ya ce mai rijiya ba ya shiga rami sai ya saurari bangonsa. Shekara shida kullum safiya ina yin haka, ban taɓa jin komai ba sai bugun zuciyata. To, yau mako uku ke nan ina jin wani abu, daidai saman makarantar.

Ba ƙara ba ce irin wadda za ka ce wa mutum zo ka ji. Kamar a ce wani ya rufe bakinsa yana gunji can ƙasa-ƙasa, ba ya tsayawa ya ja numfashi. In dam ya cika da safe ya fi ƙarfi. In ruwa ya ragu da azahar sai ya lafa.

Rahoton mako da Turanci muke rubuta shi, don Injiniyanmu Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa. Ni kuwa ka san Turancina a aji bakwai ya tsaya. Kalma uku na sani: "sound" da "noise" da "voice". Dattijo yakan ce ƙasa tana da murya, sai na rubuta ta ukun. Akawun ofis ya karanta da ƙarfi gaban leburori, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Injiniya ya maido takardar da jan biro, ya soke kalmata, ya ce in faɗi wane iri ne.

Nan na tsaya. Ka tattaro mini duk sunayen da Bature ya ba sauti, kowanne da fassararsa, in zaɓi wanda ya dace, ko mutumin nan ya zo ya duba da kansa. Mukhtari, wannan ba wasa ba ne. Tun da abin nan ya fara tuwo ba ya shiga mini sosai.

Ubangidanka,
Hambali


Badun
15 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga bawana Hambali, sarkin ƙofar ruwa,

Takardarka ta iso, tana warin tumatir har abokin ɗakina ya tambaya ko miya aka aiko mini. Ina lafiya, karatu sai godiya. A gaishe mini da Inna da kyau, da Ummulkhairi mai haƙurin zama da kai. Maganar wuya kuwa, hassada ce ke cin ka.

Da na kai wurin da ka ce wannan ba wasa ba ne sai na gyara zama. Bara ma da haka ka fara, lokacin da ka rubuto cewa gobara ta cinye littattafan da na bari a gida, na kwana biyu ban ci abinci ba, ashe ƙarya ce tsagwaronta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Amma tunda bawa ya roƙi ilimi, ba a hana shi. Buɗe kunnen nan naka mai jin ƙasa.

"Sound" shi ne uban gayyar, duk abin da kunne ya kama, mai daɗi da marar daɗi. "Noise" kuwa sautin da ba a so, wanda ba shi da kai ba shi da gindi, irin surutunka a wurin ɗaurin aure. "Voice" ta mai rai ce, wadda ke fita daga maƙogwaro. Da ka rubuta wa Injiniya ita, ce masa ka yi akwai mutum zaune cikin jinga yana magana. Ni ma da ina wurin sai na riga akawu faɗuwa.

Sauran ƙanana ne, kowanne da aikinsa. "Hum" shi ne gunjin da ka kwatanta, na rufaffen baki, wanda ba ya hawa ba ya sauka, irin na taransifoma. "Buzz" ya fi shi kaifi, na ƙudan zuma ne da ƙuda. "Rumble" rugugi ne, na hadari daga nesa, ko tirela a kan gada, ko cikinka in an makara da tuwo. "Hiss" hucin maciji, ko taya in ta sace. "Trickle" ɗan siririn ruwa mai gudu a hankali. "Gurgle" kuma shi ne ɓul-ɓul ɗin da buta ke yi in ka nutsa ta a randa, ruwa na shiga iska na fita. Akwai wasu, amma kada in cika maka kai ya fashe.

Ka zaɓi "hum" ka ba Ba'indiyenka. Ni a ganina ruwa ne kawai ke wucewa ta bututu, kai kuma zaman kaɗaici a kan jinga ya ishe ka. Sai dai ka yi hattara, ka san kunnen gidanku ya saba jin abin da sauran jama'a ba sa ji. Kada a wayi gari a ce ciwon gado ya motsa, in rasa wanda zai ɗaukar mini akwati in na dawo.

Ubangidanka na gaskiya,
Mukhtari


Badun
3 ga Maris, 1987

Ɗan'uwana Hambali,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kowa lafiya, Inna da iyali duka. Ni lafiyata ƙalau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Sau biyu Uba yana zuwa Sasa hannu rabbana. Na farko na ce ko aiki ne ya yi maka yawa. Jiya da na matsa masa, sai ya ja ni bayan mota ya ce mutane na magana. Wai ana ganinka kwance a kan jinga da ƙarfe a kunne tun hantsi har rana ta take. Wai ka rame. Ya ce a tashar Kadawa har an fara cewa ɗan Malam Iliyasu ya fara irin na ubansa.

Na koma ɗaki na ɗauko takardarka na sake karantawa, a hankali wannan karon. Sai na ga layin da ka ce tuwo ba ya shiga maka. Hambali, tun muna yara ba ka taɓa yin wasa da tuwo ba. Ban san yadda idona ya tsallake shi ba. Na ga sunanka a ƙasa, na ɗauka duk abin da ke sama tsokana ce.

Maganar da na yi ta gado, Allah ya sani da na iya da na bi motar Uba da gudu na ƙwato ta. Na san abin da ka gani kana ɗan shekara goma. Na san Baba da gangunan da yake ji a cikin rumbu, da shekara biyun da ya yi a mari a gidan mai magani a Madobi, da rijiyar da aka tsamo gawarsa daga ciki. Wasan taubashi bai kai nan ba. Ka yafe mini don Allah.

Yau da safe na kai takardarka wa wani abokina Bayarabe mai karatun injiniya, na fassara masa. Bai yi dariya ba. Ya ce in "hum" ne kawai, yana iya zama ruwan bututu, kamar yadda na ce. Amma in ya juye ya koma "gurgle" a cikin ƙasa, to ruwa ya samu hanyar kansa, har iska tana bi. Ya ce ka duba gindin jingar ta waje. In ka ga danshi ko ɗan ruwa na tsattsafowa, ka tara a kwano. In garau ne, a sa ido. In da laka a ciki, jingar ce ruwan ke kwashewa daga ciki kaɗan-kaɗan, kuma ranar da za ta tafi ba ta sallama. Ya ce a rage ruwan nan take, kada a jira kowa.

Mun rubuta wa Injiniya takarda da Turancin da zai gane, ga ta nan na haɗo. Ka kai masa hannu da hannu, kada ka bi ta kan akawu. Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne, ko da zagi ne.

Naka,
Mukhtari


Unguwar Hamma
6 ga Maris, 1987

Mukhtari,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Inna lafiya, yara lafiya, haƙorin ƙaramin ya fito. Uba bai dawo ba tun fitarsa ta ƙarshe, sai na ba wani direban wannan takardar. Takardarka ɗaya ce a hannuna, mai sunayen sauti. Na gode da su. Layin ƙarshe kuwa ba zan ce komai a kansa ba, ba kai kaɗai ka faɗa ba.

Da farko "hum" ne, ka yi daidai. Yanzu ba shi ba ne. Kwana tara ke nan ya koma na butar nan da ka ce, ɓul, ɓul, ya yi shiru, ya sake. Na rubuta "gurgle" a rahoto, harafi-harafi yadda ka rubuta. Akawu ya ce Injiniya ya tafi ƙasarsu hutu sai ƙarshen wata. Ya jefa takardar a durowa, ya tambaye ni ko mutumin cikin jinga ya fara kurkure baki ne.

Shekaranjiya na zagaya bayan makaranta. Ƙasar wurin ta jiƙe, rabonmu da ruwan sama kuwa wata biyar. Na tsuguna na ga ɗan ido yana tsattsafowa, bai fi kaurin babban yatsa ba, launinsa kamar koko. Na kira Malam Isiyaku. Ya duba ya ce wataƙila ruwan wankin allo ne ya taru. Don ya faranta mini ya ɗora kunne a rodin, ya daɗe, ya ce shi bai ji komai ba, amma kunnen ɗan saba'in ba abin shaida ba ne. Ya dafa kafaɗata ya ce in yawaita addu'a.

Na je wurin Baballe, shugaban manoman da ke shan ruwan dam ɗin, na roƙe shi a bar ni in riƙa cika shi rabi. Ya ce alkama tana ruwan ƙarshe, ƙwaya na ɗaurawa, ga zafi ya shigo. Ya ce mutum arba'in da bakwai ba za su yi asarar noman rani saboda kunnen mutum ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne shi, abin da zan faɗa ke nan.

Na ce wa mutanen unguwa su koma wurin dangi ko na mako biyu. Suka ce to, to, irin wadda ake ce wa marar lafiya.

Wanda ya fi ci mini rai Inna ce. Jiya ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini rubutu a ƙwarya. Na sha. Sai ta ce, "Haka ubanka ya fara. Shi ma cewa yake kowa ya zo ya ji." Ta yi kuka, rabon da in ga hawayenta tun ranar da aka kawo gawarsa. Ummulkhairi ta gaya mini har ta aika Madobi, wurin ɗan mai maganin nan da ya gaji ubansa, a tambayo ko akwai wuri.

Tsoro nake ji, Mukhtari. In na kafa rodin ina roƙon Allah kada in ji komai, sai in ji. In na ji kuma sai in tambayi kaina, shin Baba ma ba haka ya tabbata da gangunansa ba? Shi ma rantsuwa yake yi. Ban san wanda ya fi ba, a ce ni ne na taɓu ko a ce jingar ce. In ni ne, mutum ɗaya ne. In ita ce, yara sittin ke zama a gindinta daga safe zuwa hantsi, biyu nawa ne. Kuma kullum la'asar ni da hannuna nake murɗa ƙarfen ƙofar ruwa, in tara ruwa a saman kawunansu, in sauko a ba ni tuwo.

Ba zan iya kai ƙarshen wata a haka ba. In ka ji an ce na bi hanyar Baba, kada ka yi musu da kowa. Ka dai riƙa leƙa Ummulkhairi da yaran in ka zo hutu.

Hambali


Badun
12 ga Maris, 1987

Hambali,

Gaisuwa a gurguje, direban yana jira da inji a kunne. Ina lafiya. Allah ya sa takardar nan ta same ka a tsaye.

Wace hanyar Baban kake nufi? Ta Madobi ko ta rijiya? Tun jiya nake juya layin nan, na karanta shi ya fi sau talatin. Ka ji tsoron Allah, kada ka taɓa kanka. Ina haɗa ka da girman Inna.

Ba ka taɓu ba. Ka ji ni? Ruwa mai launin koko shi ne ainihin abin da abokina ya ce a ji tsoro, na rubuto maka tun ran uku ga wata, ashe ba ta iso ba. Mahaukaci ba ya jiƙa ƙasa da kunnensa. Ka ɗebi ruwan nan a kwano ka kai wa Baballe, ka bar shi ya kwanta a gabansa ya ga lakar. Ka kwashe yaran daga makarantar ko da faɗa ne.

Jarrabawa ta riƙe ni har ran ashirin. Na je wurin malaminmu ya ce in na tafi na maimaita shekara. Na tsaya, kuma ina jin kunyar tsayawar. Wanda duk ya karɓi takardar nan, in Hambali ba ya kusa, don Allah a buɗe a karanta, a amsa mini.

Mukhtari


Unguwar Hamma
17 ga Maris, 1987

Zuwa ga Malam Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ni ce Ummulkhairi. Ka yi haƙuri da rubutun, ɗan abin da na koya ne a ajin yaƙi da jahilci. Yara lafiya. Ɗan'uwanka yana da rai, na fara da wannan don na ga abin da ka tambaya. Takardunka biyu sun zo, ta farko ran Alhamis, motar Uba ce ta lalace a Mokwa ya kwana takwas, ta biyu shekaranjiya. Duk sun zo bayan an gama.

Ran Lahadi takwas ga wata da la'asar ya hau jinga kamar kullum. Maimakon ya buɗe ƙofar shigowar ruwa sai ya datse ta tam. Ya buɗe ta zubarwa, wadda ke kai ruwa rafi. Sannan ya tafi babban kanal ya jefa ƙarfen murɗawar a tsakiya. Ɗayan ƙarfen yana kulle a ofishin Injiniya. Ya dawo gida ya yi alwala, bai gaya wa kowa ba, har ni.

Da gari ya waye babu komai a dam sai taɓo. Manoma suka zo shan ruwa suka tarar da shi zaune a kan jinga, bai gudu ba. Baballe ya tambaye shi ina ƙarfe. Ya ce, "Kun ce mahaukaci ne ni. To mahaukaci ba ya neman izini." Daga nan ban san wanda ya fara ba. Ina tsakar gida na ji ihu. Kafin Malam Isiyaku ya hau ya raba, wani ya sauke masa ƙotar fartanya a kunnen dama. Na san ko wane ne, maƙwabci ne, ba zan rubuta sunansa ba.

Inna ce da bakinta ta ce a kai shi Madobi. Ta ce gara mari da a kashe mata shi. Aka sa shi a a-kori-kura, jini na bin wuyansa, bai yi gardama ba. Ya dube ni ya ce kada in bar yara su je bayan makaranta. Ni ma a ranar, Allah ya gafarta mini, ban san abin da na yarda da shi ba.

Ran Laraba Malam Isiyaku ya ce zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya naɗe wando ya shiga taɓon, ya bi jikin jingar ta ciki inda da ruwa ya rufe. Daidai saitin makarantarsa ya ga rami, bakinsa kamar na randa. Ya sa aka kawo gorar rufin ɗaki ya zura, ta shige duka ba ta taɓa komai ba. Aka ɗaura wata a jikinta, ita ma ta shige. Da aka sari jingar ta waje don a gani, ko kamu biyu ba a yi ba aka faɗa cikin ramin. Malam ya sallami yara nan take.

Ofis suka turo wani injiniya daga Kano ran Juma'a. Malam ya ba shi takardarku ta Turanci. Ya karanta, ya leƙa ramin, ya ce da an ƙara cika dam ɗin sau biyu ko uku da yanzu wani zance ake yi. Alkamar mutane da yawa ta ƙone a tsaye, ta Baballe ma. Ba wanda ya ƙara ɗaga maganar. Baballe da kansa ya ɗauki mota ya je Madobi, ya tsaya aka cire marin. Kwana biyar ɗan'uwanka ya yi a cikin marin, ya bar masa shaida a ƙafa.

Mun kai shi asibiti. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe, na dama ya tafi ke nan, sai dai a lallaɓa na hagu. Yana gida yanzu. Yana cin abinci kaɗan, ba ya son taro. Masu zuwa ba da haƙuri sun yi yawa, yakan ce ba komai. Na karanta masa takardunka. Da na kai wurin da ka nemi gafara ya yi ɗan murmushi, ya ce a gaya wa bawan nan ya ci jarrabawarsa tukuna.

Abin da ya sa na ɗauki biro da kaina, ban ba Malam ya rubuta ba, shi ne wannan. Jiya da hantsi ina shara a bakin ƙofa, Inna ta shiga ɗakinsa. Ka san ta, shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna kusa da shi. Ta zauna a gefen tabarmarsa, ta kawar da kai, ta ce a hankali, "Ka yafe mini." Ta damansa ta zauna, ɓangaren kunnen da ya mutu. Shi yana kallon ƙofa, bai ko motsa ba. Ta jira, ta jira. Sannan ta dafa bango ta tashi ta fita, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba.

Tun daga lokacin ba ta sa komai a bakinta ba, ta ce azumi take. Ta ɗauka ya ji ya ƙi. Shi kuma da daddare ya ce mini kowa ya zo ya yi masa magana ban da Inna, ko har yanzu tana ganin ya taɓu ne. Ni suruka ce. Ba zan iya ce mata na ji abin da ta faɗa ba, kunya za ta kashe ta. Ba zan iya gaya masa a bayan idonta ba, tona mata asiri ne. Na rasa inda zan sa kaina, ga tsohuwa tana ƙara lanƙwashewa a gabana.

Kai ne bakinka ba shi da linzami a gidan nan, kai kaɗai za ka faɗa a gabansu su biyu a ce wasa ne. Don Allah ranar da ka ajiye biro ka hau mota, kada ka tsaya neman tsaraba. In ka zo, ka zauna ta hagunsa.

Matar ɗan'uwanka,
Ummulkhairi